Bashin ɗakin baya

Damina uku ke nan da soron kakanmu ya rufta. Ruwan Agusta ne, irin wanda yake kwana yana zuba ba iska ba tsawa, da asuba sai ga waya daga cikin birni wai in zo, soro ya zauna. Ba wanda ya ji ciwo, Alhamdu lillahi, don an daɗe da daina kwana a ciki, sai buhunan gawayi da wani mataccen keken ɗinki. Muna cikin kwashe ƙasa da azara yara suka tono wata adaka ta ƙarfe, tsatsa ta cinye gindinta. Nan da nan aka yi caa a kanta, har matan gida suka leƙo ta shigifa, kowa na jiran ya ga azurfa. Da aka ɓalle kwaɗon, abin da ke ciki rawani ne da gara ta yi wa kaca-kaca, da tasbaha, da duwatsun sikeli guda huɗu, da littattafai uku masu bangon fata. Kafin ka ce kwabo taro ya watse. Ni na kwaso littattafan, tunda ni ne na yi saura a gidan da idona ya saba da ajami.

Ba zan ambaci sunan kakana ba, ko unguwarmu, don jikokinsa sun cika Zariya, kuma ba dukansu ne suka ji daɗin abin da na karanto a ciki ba. Abin da zan iya faɗi shi ne, a zamanin Sarki Ibrahim da Sarki Ja'afaru, in baƙo ya shigo ta Ƙofar Doka yana tambayar gidan mai goro, yaro ƙarami ma zai kai shi. Mu jikoki da wannan aka yaye mu. A makarantar allo ana nuna mu, a wurin neman aure sunan ya yi mana rana, har yau akwai dattijon da in na gaishe shi sai ya ce, "Jikan mai zaure uku." A gida har cewa ake wai ya kusa kamo Alhassan Ɗantata. Wannan kam zuƙi ta malle ce. Ɗantata kogi ne, kakana rafi. Amma rafin ya shayar da mutane da yawa.

Da ƙafa ya fara. Yana saurayi ya bi ayarin Gwanja a matsayin yaron wani madugu, ana kora jakuna ɗauke da kanwa da riguna da fatu da gabu, a dawo da goro. Tafiya ce ta watanni, wani zubin a shekara ba a ga gida ba, kuma goro ba ya son sakaci: kullum sai an kwance huhu, a tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a sake ganye, a yayyafa ruwa. An ce har ya tsufa in ya ɗauki goro ya jujjuya shi a tafin hannu zai gaya maka kwana nawa ya rage masa. Yana kan wannan hanya Turawa suka shigo Zazzau a 1902, shekara ta zagayo suka tuɓe Sarki Kwasau suka naɗa Alu Ɗan Sidi. Abin da ya juya masa rayuwa kuwa ba sarauta ba ce, dogo ne. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, daga baya ƙaramin layin Bukuru ya tashi daga nan, sannan na Gusau da Ƙaurar Namoda a 1929, garin ya zama mahaɗa. Goron da ake wahalar watanni a kansa ya koma zuwa Ikko ta teku, a loda shi a tarago, cikin 'yan kwanaki ya sauka tasha da ɗanyen ganyensa. Tsofaffin fatake da yawa suka tsaya zagin jirgi. Kakana ya sayar da jakunansa ya tura ƙanensa ya zauna a Ikko.

Sai auduga. Kamfanin auduga na Turawan Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza a Zariya, aka baza wa manoma irin Amurka da ake kira Alan, haraji kuma ya koma sai da kuɗin Bature, wuri ya zama abin wasan yara. Manomi dole ya sayar da wani abu kafin dagaci ya zo. Kamfanonin Turawa da ke kanti ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausar ƙauye, don haka suka nemi irin su kakana. Su ba shi jari tun kafin kaka, shi ya rarraba wa yaransa, su bi ƙauyuka su ba manoma, in auduga ta fashe a kawo masa, ya kai sikeli, ya ci la'adarsa. Da wannan ya gina zaure uku a jere, na farkon da ɗaurin guga, da zanen dagi a fuskarsa, har da hoton keke da magini ya fitar da laka a saman ƙofa don a san mai gidan ya waye. Da wannan ya cika mata huɗu, ya ɗaure doki biyu, ya ajiye malami yana karantar da yara a zaure na biyu.

Wannan shi ne labarin da ake bayarwa ranar suna da ranar biki. Gaskiya ne, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Sai dai ni daga ɗakin baya na fito.

Kakata, Iya, ba ta cikin matan nan huɗu. Sa-ɗaka ce. An kawo ta birni tana 'yar ƙanƙanuwa, ba ta ko fara famfara ba, daga wani gari na kudancin Zazzau a ƙarshen zamanin Kwasau, lokacin da ake kai hari ana kamo mutane. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga farkon Afirilun 1901 ɗa ne, ita kuwa ta riga dokar zuwa duniya da 'yan shekaru, sai ta tashi baiwa a gidan wani mai sarauta, daga nan ta dawo hannun kakana. Ɗakinta na can ƙuryar gida, bayan rumbuna, kusa da turken awaki. 'Ya'ya biyu ta haifa masa suka rayu, babana da Goggo. A shari'a babu bambanci tsakanin babana da 'yan ubansa, kuma sarakuna nawa ne 'ya'yan ƙwaraƙwarai? Amma shari'a daban, tsakar gida daban. In faɗan yara ya yi zafi, kalmar da ake jefa wa babana ita ce "ɗan baiwa". Da aka aiko daga fada kowane babban gida ya ba da yaro a sa shi boko, ba a yi dogon tunani ba, shi aka miƙa. Ya yi elementare, ya wuce Midil, wadda yau ake kira Alhudahuda, ya zama akawu a En'e. Uwargida har murna ta yi da an bar mata nata a gaban allo.

Ni na san Iya sosai, don a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata. Gajera ce, baƙa, mai ƙananan tsage a kumatu waɗanda ba irin na kowa ba ne a unguwar. Ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. Tana da wata 'yar ƙwarya mai alli, da mazari wanda gindinsa ya yi sulɓi don tsufa. Ta dangwali allin da yatsu biyu, ta murza mazarin a kan wata tsohuwar fata, ta ɗaga hannun hagu sama da sabin auduga, zare ya riƙa fitowa siriri kamar gizo ne ke saƙa. Tana yi tana hira, tana tsawata wa kaza, ba ta ko kallon hannun. In na taɓa mazarin sai ta make ni ta ce, "Kai miji marar cefane, bar mini jarina."

A 1973, da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ina kwalejin horon malamai na zo hutu, ta kira ni ɗaki ta sa na tura ƙyaure. Ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, ta fito da ƙulle-ƙullen tsumma, ta ce in kai banki a Sabon Gari a canja mata kada su mutu a hannunta. Na zauna ina warewa, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. A ƙullin ƙarshe na tarar da sulalla uku da ba irin sauran ba, farare tas, masu nauyi, da kan Sarkin Ingila. Na ce, "Iya, waɗannan ai sun daɗe da mutuwa." Ta karɓe ta ce, "Ba na canji ba ne. Ragowar na bashi ne."

Na ce wane bashi? Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, sannan ta ba ni labari, a gutsure, tana yi tana leƙen ƙofa, ko da yake mai gidan ya shekara goma sha huɗu a ƙasa.

Ta ce shekarun fara ne, lokacin da kasuwa ta mutu. Daga baya na gane tana nufin karyewar kasuwannin duniya da ta fara a 1929, wadda ta sa farashin auduga da gyaɗa ya faɗi warwas, ga fara ta sauka a gonaki. Kakana ya riga ya karɓi jari mai yawa a hannun wani kamfani ya raba a ƙauyuka. Manoma ba su da abin biya, wasu sun kwashe iyali sun tsere wa haraji, yaransa biyu suka gudu da abin da ke hannunsu. Goro kuma ba mai saye, huhu-huhu ya ruɓe a zaure, har warin ya hana a zauna. Kamfani ba ruwansa da fara. Akawu ya riƙa zuwa da keke yana tsayawa a ƙofar gida da takarda a hannu, a gaban almajirai, a gaban maƙwabta. Aka sayar da dawakin, aka sayar da gonar bakin Galma, bashi bai ƙare ba. Matan aure kowacce ta kulle kayan ɗakinta, kuma ban ga laifinsu ba, haƙƙinsu ne, wata ma iyayenta suka aiko a kwashe tasoshinta kada a haɗa da su. Iya ta ce kwana bakwai Maigida bai fita masallaci ba, wai ciwon ƙafa.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne mazarin nan. Kusan shekara ashirin tana kaɗi. Ba ta tsaya sayar da zare ba, sai ta riƙa ba masaƙi ya saƙa mata fari, ta haɗa ƙyallaye ta aika wa maɗinki ya yi mata aska biyu, in ta samu hali aska takwas, wadda takan ci watanni a hannun mai allura, a kai mabuga a buge ta ta yi ƙyalli, sannan ta ba yaran Maigida su tafi da ita Ikko su sayar, ta ba su ladansu. Tana soya ƙuli-ƙuli, tana matse man gyaɗa, 'yan talla uku ke fita da kayanta, ita ce kuma uwar adashin matan unguwa duk da ba ta taka ƙofar gida. Duk ribar da ta shigo sai ta sa a nemo mata tsofaffin sulallan azurfa, waɗanda aka daina bugawa wajen 1920 aka koma na jan ƙarfe. Ta ce na baya ba kuɗi ba ne, kwano ne. Tana zuba su a tulu, ta binne a ƙarƙashin turmin da take ajiye fitila.

A dare na bakwai, bayan gida ya yi tsit, ta tashi babana, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ta ba shi aci-balbal ya riƙe, ta tone tulun da taɓarya da hannu. Sawu biyu suka yi zuwa turaka, ita da ƙwarya a ka, shi da fitila. Ta juye a kan buzun Maigida. Ta ce ya daɗe yana kallon kuɗin bai ce komai ba, can ya ce, "Ke kuma ina kika samu?" Ta ce, "A hannuna." Suka ƙirga tare har kiran assalatu. Sule uku suka gangara, sai da safe ta tsince su a zaninta da ta shimfiɗa, ta ce to waɗannan sun ƙi tafiya.

Kuɗin bai biya bashin duka ba. Ya dai kai a toshe bakin kamfani a ɗaga masa ƙafa, ya kuma rage abin da aka sari goro kaɗan aka sake farawa. Daga nan ya miƙe a hankali. Lokacin yaƙin Hitila ya samu, bayan yaƙi ya tafi Makka ta Maiduguri da Sudan a bayan babbar mota, ya dawo Alhaji, da aka kafa hukumar cinikin auduga a 1949 manyan 'ya'yansa suka shiga sayen kaya da motocinsu.

Gaskiya a ranar ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na ce a raina tsohuwa ce, ƙila ta ba shi fam biyu ko uku shekaru suka kumbura su. Na tambayi babana sau ɗaya, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya aike ka?" Shi ke nan. Iya ta rasu a 1975, shekarar da Sarki Aminu ya rasu, ta bar mini sulallan a cikin ƙwaryar allinta.

Littattafan adaka na bashi ne, da hannun kakana, tawadar zuge ta koma ja. Kowane shafi sunan mutum, garinsu, abin da ya karɓa, in ya biya a ja layi a kai. Akwai bashin da shi ya ci, a bayan littafi na biyu, har da na kamfanin, kuma duk ya ja musu layi, wasu har sau biyu kamar da haushi. Guda ɗaya ne tak ba layi. Na karanta shi ya fi sau ashirin ina tsoron ko idona ne: "Na ɗakin baya, fam arba'in da biyu, bashi ne a kaina." Sule ɗari takwas da arba'in ke nan, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin mazari. Bai iya rubuta sunanta ba, ko kunya ce ko girman kai, Allah masani. Amma ya rubuta bashi, bai rubuta kyauta ba, bai kuma rubuta kayana ba, alhali yana da malaman da za su ce masa baiwa da abin hannunta duk na ubangijinta ne.

Ya rayu kusan shekara talatin bayan wannan dare, ya sake yin kuɗin da fam arba'in ba komai ba ne a wurinsa. Me ya hana shi biya? Na yi ta juya wannan a raina. Wani lokaci in ce ya manta, sai in tuna mutumin da ke jan layi biyu ba ya mantuwa. Abin da na fi zato shi ne biya yana nufin a sani, shi kuwa ya gwammace bashi ya zauna a adaka da a ji a zaure cewa ƙwarƙwara ce ta tashe shi. Ina son kakana, ina alfahari da shi, amma nan kam bai kyauta ba.

Ya rasu a 1959, 'yan watanni tsakaninsa da Sarki Ja'afaru. Aka zo rabon gado, 'ya'ya ashirin da uku, mata huɗu suka raba tumuni. Iya ta zama 'ya da mutuwarsa, kamar yadda shari'a ta ce ga wadda ta haifa wa ubangijinta, amma ba ta da ko anini a gado. Kafin a raba, kamar kullum, aka yi shela ko akwai mai bin mamaci bashi. Goggo ce ta gaya mini, tun kafin ta rasu, cewa babana ya shiga ɗaki ya durƙusa ya ce, "Iya, in yi magana?" Ta ce, "Ni da na ba shi da dare, in karɓa da rana a gaban alƙali? Tashi ka ba ni wuri." A 1973 ɗin na tambayi Iya ko ta yafe. Ta ce, "Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Shi ya san inda zai same ni."

Dukiyar kuwa ba ta yi ƙarko ba. Motoci suka mutu ɗaya bayan ɗaya, gonaki aka yanka aka sayar, zaure na farko yanzu shago ne ana cajin waya da cire kuɗi, an shafe dagin da siminti, keken nan na laka saura ƙafa ɗaya. 'Ya'yan ɗan boko da aka miƙa don a huta su ne yau ake kira in rufi ya yi yoyo. Ba gori nake ba, haka abin ya zo.

Muna da taron zuri'a duk bayan babbar salla. A na bara waccan na tashi da littafin a hannu na karanta layin. Wuri ya yi shiru, sai wani yayanmu, jikan uwargida, wanda ya haura tamanin, ya ce, "Malam, tone-tone ba kyau. Kuma baiwa tana da dukiya ne?" Na ce, "Yaya, ba ni na ce bashi ba, ga hannunsa." Aka miƙa wa wani ɗanmu da ya yi karatu a Madina, ya duba ya ce bashi kafin gado ake fitar da shi, in ba a tabbatar ta yafe ba to a biya magadanta. Sai aka juyo ana kallona, don magadanta ai mu ne. Wani daga baya ya ce, "Ashe dai kuɗi ake nema," aka fashe da dariya, wani yaro har ya ciro waya yana lissafin fam arba'in da biyu naira tamanin da huɗu ne, ya ce shi zai biya yanzu ya karɓi canji. Ni ma na yi dariyar, amma kunnuwana sun yi zafi.

Na ce ni da ƙannena mun yafe namu kason, duniya da lahira, kuma 'ya'yan Goggo sun ce haka. Abin da nake roƙo ɗaya ne: kalandar da ake bugawa duk shekara, mai hoton Alhaji a tsakiya da sunayen matansa huɗu a ƙasa, a sa Iya a ciki, a kuma riƙa ambatonta in ana addu'a. Aka ce za a duba. Kalandar bana ta fito, na karɓi tawa a shagon cajin nan. Sunaye huɗu suna nan yadda suke, a ƙarƙashinsu da ƙananan baƙaƙe an ƙara, "da sauran iyayenmu mata".

Na rataye ta a falo duk da haka. Littafin yana cikin durowata a naɗe da leda saboda gara, tare da ƙwaryar alli da sulalla uku. Ran nan jikata, 'yar aji huɗu, ta gan ni ina goge su da toka, ta ce, "Kaka, wannan kuɗin wane gari ne?" Na ce na kakata ne ta wajen uba, da zare ta same su. Ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannu, ta ce yana da nauyi, ta tambaye ni ko za a ba ta alawa da shi a shago.